Ya Ce Sai Ya Sauka

Wanda bai san ni ba a cikinku, ya tare duk wani mai babbar riga daga Ƙofar Doka har bakin kasuwar birni, ya tambaye shi waye Ja'afaru mai ɗinkin aska takwas. Ba a yi allurar da ta kai tawa a Zazzau ba. Ba yabon kai nake yi ba, rigunan suna nan a akwatunan mutane, a je a buɗe a gani. Ban taɓa zama a aji ba, ko sunana aka rubuta da boko ba zan gane shi ba, amma 'yan boko da yawa sun tsuguna a zaurena suna roƙon in sa musu hannu a riga kafin salla. Ina ɗan shekara goma sha tara na tafi Farlami ta ƙasar Chadi, rabin hanyar da ƙafa, na dawo da kitse a wuya. Kwalara ta shiga gidanmu ta kwashi mutum bakwai, ta tsallake ni. Babbar mota ta kife da mu a hanyar Funtuwa, ni kaɗai na fito ina karkaɗe hula.

Na jero muku wannan ne don ku san irin mutumin da ya tsaya gaban alƙali ranar Litinin da ta wuce.

Ɗana namiji guda ɗaya ne, Jamaluddeen, shi ne auta. Yayyensa mata duk suna ɗakunan mazajensu. A hannuna ya koyi allura, kuma in don hannu ne ya gaje ni. Sai dai ya taso a lokacin da injin mai kwamfuta ke zana aska takwas kafin ka gama shan shayi, ba wanda ke da haƙurin jiran wata uku a kan riga ɗaya. Ya auro Tayyiba daga Tukur-Tukur, auren so, ba wanda ya haɗa su. Shekara biyu yana tafiya zance a kan keke, duk mayafin da ta yafa sai ka ga ɗan fure a bakinsa, aikin hannunsa. Da aka kawo ta, ɗakin da ke kallon rijiya muka ba su. Ta jera kwanukanta na samira, ta rataya labule ruwan toka, gidan ya riƙa ƙanshin turaren wuta har zaure.

Shekara ɗaya da auren ya same ni ina aikin wuyan wata shadda, ya zauna ya ce zai fita waje. Zai bi ta Agadas ya shiga Libiya, ya yi ɗinki na ɗan lokaci, ya tsallaka Italiya. In ya samu takardu ya aiko a kai masa Tayyiba, yaransu su taso inda ake da wuta da asibiti, mu kuma ya kai mu Makka. A lokacin Tayyiba na da ƙaramin ciki.

Matata Uwa ta ce sam. Kwana uku ba ta ɗora tukunya ba.

Ni na ce, “Ke bar yaro ya tafi. Ni da na je Farlami da ƙafa, wa ya riƙe ni? Jinina ba ya ɓata a hanya.”

Da bakina na faɗa. Akwai shaidu.

Wata bakwai yana turo min saƙon murya. Ban iya karatu ba, amma na san fuskar ɗana a kan waya, in na danna ta sai in ji shi. Baba mun iso Agadas. Baba na samu aiki wajen wani tela a Tarabulus, ya ce bai taɓa ganin hannu irin nawa ba. Baba sanyin garin nan ba wasa, a gai da Inna. Saƙo talatin da wani abu. Na ƙarshen ya shigo wata Alhamis bayan la'asar. Ya ce yau za su shiga jirgin roba su tsallaka teku. Ya ce kada in faɗa wa kowa, musamman Tayyiba da ke gab da haihuwa, sai ya sauka zai kira.

Ya ce sai ya sauka. Na jira ya sauka. Shekara huɗu da wata biyar ke nan.

Ku da kuke saurarona kuna cewa wannan tsoho mugu ne, ku dakata. Ba zama na yi na shirya ƙarya ba. Ranar sunan jaririyar ne, kwana goma sha biyu da saƙon, zaure ya cika, ana ta raba goro. Na raɗa mata suna Sa'ida. Sai Ya'u mai tireda, abokina tun muna wasan langa, wanda ɗansa ke Jidda yana aiko masa da jallabiya duk azumi, ya dube ni a gaban mutane yana dariya.

“To Gwani, ina labarin ɗan Turai? Ko har yanzu yana Libiya yana yi wa Larabawa facin wando?”

Aka kwashe da dariya. Kafin in yi tunani bakina ya riga ni.

“Libiya? Kana barci, Ya'u. Shekaranjiya ya sauka Italiya.”

Aka yi kabbara. Kafin azahar magana ta shiga cikin gida, na jiyo guɗa. A raina na ce ai gobe ko jibi zai kira, magana ta zama gaskiya, ba wanda ya yi asara.

Bai kira ba. Juma'a ta zagayo, Ya'u ya ce a jiyar da su muryar ɗan Italiya. Na ciro waya na laluba wani tsohon saƙo, wanda yake maganar sanyi, na kunna. Suka ce Allahu akbar, ka ji sanyin Turai har a muryarsa. Daga ranar abin ya zama al'ada. Duk Juma'a bayan masallaci sai in zaɓi ɗaya. Na haddace su kamar Fatiha, na san wanda na kunna a damina, na san wanda ya daɗe bai fito ba. Uwa kuma kunnenta ya yi nauyi tun wani zazzaɓi da ta yi, sai an yi mata magana da ƙarfi take ji. Nakan manna mata wayar a kunne, ta riƙa gyaɗa kai tana cewa, “Na'am, Auta. Allah ya yi albarka, Auta.” Duk shekara takan yi masa dambun nama da yajin daddawa, ta ɗaure a leda ta ce in ba masu tafiya. Nakan ɗauka in yi ta tafiya har wajen Kufena, inda ba a san fuskata sosai ba, in miƙa wa duk wanda na fara gani.

Ɗan da ke Turai kuma dole a ga saƙonsa. Idona ya fara hazo, amma na koma karɓar aikin da da nake rainawa, bakin hula, wuyan kaftani. In na gama sai in hau mota in tafi Sabon Gari in sayo turare, sabulu mai kwali, takalmin yarinya mai fitila, in ɓare takardar kanti, in kawo wa Tayyiba.

“Ga shi, in ji mijinki.”

Takan durƙusa ta karɓa da hannu biyu. A shekarar farko kullum sai ta ce, “Baba, in ya sake kira, don Allah ka ce ko sallama ce ya yi min. Lambarsa ba ta shiga.”

“Ya canza layi. Ba shi da takardu tukuna, 'yan sandan can da waya suke kama mutum. Mutum ɗaya kawai yake iya kira, da ɓoyayyar lamba.”

“To ka ce masa Sa'ida ta fara zama.”

“Zan faɗa.”

“Ya taɓa tambayarta kuwa, Baba? Duk saƙon da na jiyo daga zaure ban ji ya ambace ta ba.”

“Kunya ce. 'Yar fari ce, a gabana zai kama sunanta?”

A shekara ta biyu ta daina tambaya. A ta uku na lura turaren ba ya tashi a jikinta. Uwa ta ce min duk abin da na kawo, a kwali take jefawa ta tura ƙarƙashin gado. Ta fara koyar da matan aure karatu a wata Islamiyya, ta fita da safe cikin dogon hijabi ruwan ƙasa, ta dawo da azahar ta shige ɗaki. Ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Tuwona bai taɓa makara ba. Amma yarinyar da aka kawo mana mai kumatu ta koma kamar sandar rake da aka tsotse, ina kallo, ina kawo sabulu.

Watan jiya kawunta Malam Aƙilu, wanda ya ba da aurenta, ya yi sallama da hantsi. Muka gaisa, ya ƙi shan ruwa.

“Malam Ja'afaru, yarinyar nan ta gaji. Mijinta na raye, yana magana da kai duk mako, ita ko gaisuwa babu. In ya yi wani auren a can, ba haram ya yi ba. Amma ya zo, ko ya ɗauke ta, ko ya sauwaƙe mata.”

“Wa ke zuga ta?”

“Ba mai zuga ta.”

“Ni za a yi wa ɓoye-ɓoye a garin nan? Na ji labarin malamin makarantarsu. Abdulwahab ko wa? Wanda matarsa ta rasu. Neman aure a kan aure, a gidana?”

“Ka ji tsoron Allah. Bawan Allahn nan ko kallonta bai cika yi ba. Ni ya samu, sau ɗaya, ya ce in Allah ya sa an rabu ta hanyar shari'a, a tuna da shi. Na ce ya yi shiru, ya yi shiru. Yanzu dai ga waya a aljihunka. Kira min Jamalu mu yi magana ta minti biyu, magana ta mutu a zauren nan.”

Wallahi a wannan lokacin na so in faɗa. Maganar ta zo har maƙogwarona. Sai na hango Ya'u a bakin tiredarsa ya miƙo wuya.

“Ɗana ba ɗan zaman banza ba ne da za a kira shi duk lokacin da aka ga dama. Kamfani yake aiki. Turawa ke ƙarƙashinsa.”

Malam Aƙilu ya sa takalminsa. Bayan kwana tara masinja ya kawo sammaci.

Ranar Litinin na sa farar shaddata mai aska biyu, wadda na yi wa kaina aiki shekarar da aka haifi Jamalu, na kafa hula zanna. Na ce in za a tsaya gaban alƙali, a san wa ya tsaya. Ya'u ya rufe tireda ya biyo ni, wai shi ne shaidata. Tayyiba ta riga mu fita, daga gidan kawunta za ta wuce. A ƙofar kotu, can gindin wata darbejiya, na ga wani siriri mai farin gilashi tsaye kusa da babur, yana ta murza makulli a hannu. Ba a gaya min ba, na san Abdulwahab ɗin ne.

Alƙalin bai girmi Jamalu da shekara goma ba. Ya ce mai ƙara ta yi bayani. Tayyiba ta miƙe, hijabinta baƙi har ƙasa, idonta a kan siminti.

“Allah ya gafarta Malam, Baban Sa'ida ya tafi shekara biyar ke nan. Wata bakwai na farko muna waya kullum. Daga ranar da ya shiga Italiya ya yanke ni. Yana magana da mahaifinsa, yana aiko da sabulu. Ni ba sabulu na aura ba. Ban ce ya dawo dole ba. In ya daina so na, ya faɗa da bakinsa in ji, ya sake ni.”

Alƙali ya ce wannan mai sauƙi ce. Tunda an san inda miji yake, za a yi magana da shi, a ɗibar masa wa'adi. Ya juyo gare ni.

“Baba, kira mana shi.”

Na yi bayanin ɓoyayyar lamba da 'yan sanda. Na yi shi da kyau, shekara huɗu ina gyara shi. Ya'u ya yi tsalle ya miƙe ba a kira shi ba.

“Ranka ya daɗe, ni da kunnena na ji yaron nan Juma'ar da ta wuce! Lafiyarsa ƙalau, har yana cewa a gai da Innarsa.”

“Zauna, Alhaji. Baba, saƙon na Juma'a yana cikin wayar?”

“Yana nan.”

“A ba magatakarda.”

Ban ji tsoro ba, ku ji wauta. Na laluba saƙon da kaina, na nuna masa da yatsa, na ce wannan, kar ka taɓa na ƙasa. A zatona murya murya ce, ba ta da shekaru. Ba wanda ya taɓa gaya min cewa ƙananan rubutun nan da ke saman kowane saƙo kwanan wata ne. Ni ado na ɗauke su, irin ɗan zanen da muke yi a bakin aljihu.

Magatakarda ya kalli waya, ya kalle ni, ya sake kallon waya. Ya ja yatsa sama, ya ja ƙasa.

“Allah ya gafarta Malam, wannan saƙon ya shekara huɗu da wata takwas. Na ƙarshe a wayar gaba ɗaya, shekara huɗu da wata biyar. Bayansa babu komai. Babu kira, babu saƙo.”

Ya'u ya ce, “A'a, duba dai da kyau, yaro.” Ba wanda ya kula shi.

Ina da wata ƙaryar a shirye. Zan ce sababbin gogewa suke yi da kansu saboda tsaro, kuma na san da yawa a ɗakin za su yarda, don ni ne Ja'afaru. Na buɗe baki. Sai Tayyiba ta ɗago kai ta dube ni. Tun da aka kawo ta gidana ba ta taɓa haɗa ido da ni ba sai ranar. Ba fushi a idon. Tambaya ce kawai.

Na ce, “Kunna na ƙarshen.”

Muryar ɗana ta cika kotu, da iska tana bugun wayar, da hayaniyar mutane a bayansa.

“Salamu alaikum, Baba. Yau ne, in Allah ya yarda. An ce kwana ɗaya ne a ruwa, ko biyu. Mu da yawa ne, amma sun ce jirgin sabo ne. Don Allah kar ka faɗa wa Inna, kar ka faɗa wa Tayyiba, ka san halin da take ciki, kar ta firgita. Sai na sauka zan kira. Ka yi min addu'a, ai ka ce jininka ba ya ɓata a hanya.” Ya yi 'yar dariya. “Baba, ka yi haƙuri, ka kawar da kunnenka, sauran na Tayyiba ne. In na sauka sai ka kunna mata, ta san da ita na shiga. Tayyiba, ban turo miki ba don na san ba za ki bar ni in hau ba. Mayafinki ruwan hoda da kika yi ta nema, ni na ɗauke, yana cikin rigata yanzu haka. In mace kika haifa a sa mata Sa'ida. In namiji ne ki zaɓa, ban da Ya'u. Ki ci abinci. Ki yafe min fitar da na yi na bar ki da nauyi. Ko shekara ba za a yi ba zan aiko a kawo min ku, ki ga ɗakin da zan…”

Wani ya daka tsawa da Larabci, saƙon ya yanke.

Tayyiba ba ta yi kuka ba. Ta zauna a hankali a kan benci, ta ɗora hannu biyu a ka. Malam Aƙilu yana ta innalillahi. Ni ina tsaye cikin aska biyu, ban san inda zan sa hannuwana ba.

Alƙali ya ture takardar gabansa gefe. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka.

“Baba, ka san abin da ka yi?”

“Ya ce sai ya sauka, ranka ya daɗe.”

“Shari'ar da aka kawo min ta miji ce da ya ƙaurace. Wannan kuwa mutum ne da ya ɓace, ba a san yana raye ko ya mutu ba. Hukuncinsa daban. Sai an yi cigiya tukuna. In an rasa shi, a ɗibar wa matar shekara huɗu, sannan ta yi takaba. Kuma ba daga ranar da ya ɓace ake ƙirgawa ba, sai bayan magana ta zo gaban shari'a. Da kun zo tun a watan farko, da yanzu ta gama ko ta kusa.”

Malam Aƙilu ya miƙe. “Allah ya gafarta Malam, wata shekara huɗun kuma? Sabuwa?”

“Zan duba ko akwai wata ƙofa da littafi ya bari, ta wajen ciyarwa ko cutuwa. Ban yi muku alkawari ba. Ku dawo bayan mako uku.”

Tayyiba ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “To in fara takaba?”

“A'a, 'yata. Ba a tabbatar ya rasu ba.”

“To ni matar aure ce?”

“A yanzu, e.”

A waje rana ta take. Ya'u ya wuce ni kamar bai taɓa gani na ba, ya tari ɗan acaɓa. Na ga Malam Aƙilu ya nufi gindin darbejiya, ya yi wa mai gilashin magana, ya ɗaga masa yatsu huɗu. Mutumin ya cire gilashin ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya daɗe a tsaye. Daga baya ya tura babur ɗinsa da hannu har bakin titi, bai ko tayar ba.

Tayyiba ko inda yake ba ta kalla ba. Ni ta nufo. Ta durƙusa kamar yadda ta saba, a kan ƙasa, a gaban mutane.

“Baba.”

“Na'am.”

“Ba shekara huɗun da ke gaba ke damuna ba.”

Na sunkuyar da kai, ta ci gaba.

“Kullum in na idar da salla sai na ce Allah ya isa tsakanina da shi. Kullum, Baba. Shekara uku ban tsallake ko ɗaya ba. Na ce Allah ya hana shi jin daɗin matar da ya samu. Na cire hotonsa daga bango. Sa'ida ta tambaye ni babanta, na ce ba ya son mu. Ashe yana ƙarƙashin ruwa da mayafina a ƙirji.” Sai a nan muryarta ta karye. “Ko Ƙulhuwallahu ɗaya ban taɓa karanta masa ba. Ko ƙosai ba a raba masa ba. Da ka bar ni na yi masa addu'a.”



Ta miƙe ta karkaɗe gwiwa. “Zan je in ɗauko Sa'ida daga makaranta, mu wuce Tukur-Tukur. Da la'asar zan zo kwasar kayana. Kafin in zo ka faɗa wa Inna. In na tarar ba ka faɗa ba, ni zan faɗa, kuma ba na so ta ji a bakina.”

Ban hau mota ba. Da ƙafa na taho, ta lunguna, ina kauce wa duk inda ake zama. Duk da haka da na iso unguwa na tarar labari ya riga ni. Mutane sun taru a bakin tiredar Ya'u, da na doso aka yi shiru, wasu suka bi ni a baya har ƙofar zaure suka tsaya. Cikin gida ne kawai maganar ba ta shiga ba. Ba wanda ya yi ƙarfin halin.

Uwa na zaune a kan kujera 'yar tsuguno a bakin rijiya, tana tsince shinkafa a faranti. Ta yi wanka, ta ɗaura atamfarta ta zuwa biki, har da kwalli. Shekara hamsin da ɗaya muna tare, ban taɓa zama ƙasa da ita ba. Na tattare shaddata na zauna a kan siminti a gabanta. Ta ajiye farantin.

“Lafiya, Malam? Ya yi magana da alƙalin? Ya ce zai zo?”

Na matsa kusa da kunnenta, na ce a hankali, “Uwa, Auta bai sauka ba.”

“Iye?”

“Bai isa Italiya ba. Tun shekarar da aka haifi Sa'ida. Ƙarya nake yi.”

Ta karkato kai tana murmushi, ta sa tafin hannu a bayan kunne.

“Kai ma dai, Malam. Ka san kunnen nan. Yau kuma raɗa ka koya? Ɗaga murya yadda ka saba.”

Na waiwaya. Katangar gidanmu ta ƙasa ce, ba ta fi tsayin mutum ba, ina hango hulunan da ke bayanta. Na dafa gwiwar matata, na cika ƙirjina da iska, na faɗa da muryar da duk unguwa ta san ni da ita.

A wannan karon ta ji.